Gara a cikin azara: zaizayar ƙashi da karayar tsofaffi a ƙasar Sin

Sinawa suna kiran karayar ƙugu ta tsoho "karaya ta ƙarshe a rayuwa", kuma ba da wasa suka raɗa mata sunan ba. Ƙa'idojin likitocin ƙasar sun nuna cewa cikin tsofaffi biyar da suka karye a ƙugu, kusan ɗaya yakan rasu kafin shekara ta zagayo, sannan kusan rabin waɗanda abin ya samu ba sa komawa tafiya kamar da. Abin da ke karya su kuwa ba hatsarin mota ba ne. Santsin banɗaki ne, ko tuntuɓe da bakin ƙofa, wani lokaci ma tari mai ƙarfi ko ɗaga tukunya. Karayar da ta faru daga faɗuwar da ba ta wuce tsayin mutum ba, ita ake kira karayar rauni, kuma shaida ce cewa ƙashin ya daɗe da cinyewa daga ciki kamar azarar da gara ta shiga: daga waje lafiya lau, ranar da aka ɗora mata kaya sai ta ɓalle.

Wannan cinyewa ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. A watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta ƙasar Sin ta fitar da sakamakon bincikenta na farko a faɗin ƙasa kan cutar. Cikin 'yan shekara 50 zuwa sama, kashi 19.2 cikin ɗari suna da ita: maza kashi 6, mata kashi 32.1. Daga shekara 65 kuwa adadin ya kai kashi 32, mata kashi 51.6, wato fiye da rabi. A wannan rukuni na 'yan 65 zuwa sama, ƙauye ya fi birni, kashi 35.3 a kan 25.6. A ɗora wannan a kan ƙidayar 2020, wadda ta samu mutum miliyan 264 'yan shekara 60 zuwa sama, sai a ga girman lamarin. Amma alƙaluman da suka fi tayar da hankali a rahoton ƙanana ne: cikin masu cutar 'yan 50 zuwa sama, kashi 7 kacal suka san suna da ita, kuma kashi 3.7 kawai na mutanen wannan shekaru aka taɓa auna ƙarfin ƙashinsu. Ƙasa ce da kusan kowane kantin magani ke cike da robobin kalsiyam, 'ya'ya suna saya wa iyaye a matsayin tsaraba, amma ba a san waye mai cutar ba. Tushen matsalar ke nan.

Yadda ƙashi ke cinyewa

Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe shi ana sake ginawa. Akwai ƙwayoyin halitta masu kankare tsohon ƙashi, akwai masu bi baya suna cike gurbin. Har zuwa wajen shekara 30 magina sun fi marusa yawan aiki, a nan ƙashi ke kai ƙololuwar ƙarfinsa. Daga baya ma'aunin ya fara rinjaya a hankali. Ga mace kuwa, idan al'ada ta ɗauke (matan Sin galibi wajen shekara 49 zuwa 50), sinadarin istirojin da ke taka wa marusa birki sai ya yi ƙasa, shekaru biyar zuwa goma na farko su zama na zuba mai sauri. Inda abin ya fi ci shi ne ƙashi mai raga-raga kamar soso: gaɓoɓin ƙashin baya, wuyan ƙashin cinya, wuyan hannu da saman dantse.

Tsofaffin Sin na yau suna da nasu ƙarin nauyin. Da yawansu sun tashi a lokacin da madara ba ta cikin abincin talaka, wasu ma an haife su ko sun yi ƙuruciya a yunwar 1959 zuwa 1961, don haka jarin ƙashin da suka tara tun farko kaɗan ne. Jikinsu ba shi da nauyi, kuma rashin nauyi shi kansa haɗari ne. Kusan rabin mazan ƙasar suna shan taba. Masu ciwon suga sun kai miliyan 140, kuma mai ciwon suga yakan karye ko da awonsa ya nuna ƙashin da sauran ƙarfi. Zaman birni ma ya sa hannu: a Beijing, tsakanin 1990 zuwa 1992 mata 80 cikin dubu ɗari 'yan 50 zuwa sama ke karyewa a ƙugu, amma tsakanin 2002 zuwa 2006 sun kai 229. Na maza ya tashi daga 83 zuwa 129.

Gano ta kafin ta karya

Cutar ba ta ciwo sai ta karya, saboda haka jiran alama ɓata lokaci ne. Akwai lissafin da aka ƙirƙiro musamman don matan Asiya da suka daina al'ada, ana ce masa OSTA, wanda ba ya buƙatar komai sai sikeli. A cire shekarun mace daga nauyinta a kilo, a ninka abin da ya fito da 0.2. Idan amsar ta fi -1, haɗarin kaɗan ne. Tsakanin -1 da -4 matsakaici. Ƙasa da -4 babba. Tsohuwa mai shekara 70 da kilo 48 za ta samu -4.4, ya kamata a kai ta awo ba tare da jinkiri ba. Mai shekara 60 da kilo 62 za ta samu 0.4. Lissafin tankaɗe ne kawai, yana ware wanda za a fara tura wa na'ura, ba ya yanke hukunci.

Na biyu shi ne tsayi. Gaɓar ƙashin baya ba ta karyewa gida biyu kamar kara, lotsawa take yi kamar gwangwanin da aka taka, kuma yawancin irin wannan karaya ba a gano ta, ana ɗauka ciwon bayan tsufa ne. Binciken hoto a Beijing ya nuna kusan kashi 15 na mata 'yan 50 zuwa sama suna da irin wannan lotsawa, a wajen 'yan 80 kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku. Duk wanda ya rage santimita 4 daga tsayinsa na samartaka, ko santimita 2 daga awon baya-bayan nan, ko aka ga doro yana fito masa, a ɗauki hoton ƙashin bayansa ta gefe. A riƙa auna tsayin tsoho sau ɗaya a shekara, ba takalmi, a jikin bango ɗaya, a ja layi da fensir.

Awon da ake yanke hukunci da shi shi ne na na'urar DXA, wadda ke duba ƙashin baya na ƙasa da ƙugu cikin kamar minti goma, da hasken da bai kai na hoton ƙirji ba. Sakamakon yana fitowa da maki T, wanda ke kwatanta mutum da matashi lafiyayye. Daga -1 zuwa sama lafiya. Tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya ragu. Daga -2.5 zuwa ƙasa cuta ce, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994. Ƙa'idar Sin ta ce a auna duk mace mai shekara 65 da duk namiji mai 70, da wanda bai kai haka ba idan yana da wani dalilin haɗari.

Kurakurai uku ne ke yawan faruwa a nan. Tsoho mai tsiron ƙashi a baya saboda amosanin gaɓɓai, na'urar tana ƙirga tsiron a matsayin ƙashi mai kyau, makin bayan ya fito da kyau alhali ƙarya ne. A irin wannan a dogara da makin ƙugu, ko a yi awon CT mai lissafa ƙashi, inda ƙasa da miligiram 80 a kowace santimita kubik ke nufin cuta. Sai ƙaramar na'urar nan ta duban dunduniya da ake yawo da ita unguwa-unguwa: ta tankaɗe ce, ba a fara magani ko a daina da sakamakonta. Na uku ya fi muni. Wanda ya riga ya karye a ƙugu ko a ƙashin baya daga 'yar faɗuwa, mai cutar ne ko me makinsa ya ce, amma sau da yawa sai a ga maki -2.1 a sallame shi da robar kalsiyam. Akwai kuma manhajar FRAX ta Jami'ar Sheffield da ke Ingila, mai lissafa haɗarin karaya cikin shekara goma. Idan na ƙugu ya kai kashi 3, ko na manyan karaya ya kai kashi 20, ana ɗaukar mutum a mai babban haɗari. Likitocin Sin da kansu sun lura tana rage wa mutanensu haɗarin, don haka ƙaramin adadi a cikinta ba tabbacin tsira ba ne.

Abin da ke cikin kwano

Ƙa'idar 2022 ta ƙungiyar likitocin ƙashi ta Sin ta nemi 'yan 50 zuwa sama su samu miligiram 1,000 zuwa 1,200 na kalsiyam a rana. Abincin yau da kullum na Basine yana ba shi kusan 400. Giɓin ba ƙarami ba ne, kuma hanyoyin da jama'a suka yi imani da su wajen cike shi yawancinsu ba sa aiki.

Babban misali romon ƙashi. A gidajen Sin, da zarar wani ya karye sai a ɗora tukunyar ƙashi a yi ta tafasawa sa'o'i har romon ya yi fari, bisa tunanin abin da ya yi kama da gaɓa shi ke gyara gaɓa. Kalsiyam ɗin ƙashi ba ya narkewa a ruwan zafi. Farin da ake gani kitse ne, kuma kalsiyam ɗin kwano guda bai kai kashi ɗaya cikin goma na madara mai yawansa ba. Mai shan romon ganda ko na ƙafar sa da wannan niyya a wajenmu, lissafin ɗaya ne.

Sai waken suya, inda abin yake da ɗan sarƙaƙiya. Ruwan madarar waken suya da Sinawa ke karyawa da shi yana da furotin, amma kalsiyam ɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na madarar shanu, sai dai wanda kamfani ya ƙara masa. Awara, wadda suke kira dofu, ta danganta da abin da aka tsinka ta da shi. Wadda aka haɗa da jibsin (wani farin ma'adini mai kalsiyam) ko ruwan gishirin teku tana ba da fiye da miligiram 100 a kowane giram 100, busasshiyar da aka matse ta fi haka nesa. Amma mai laushin nan ta cikin roba, da ake haɗawa da wani sinadari mai tsami, ba ta kai miligiram 20 ba. Dalili ɗaya ne zai sa awarar da aka tsinka da ruwan tsamiya ko ruwan tsami ba za ta kai mai jibsin ba, ko da yake furotin ɗinta na nan.

Madara ce hanya mafi sauƙi, mililita 300 tana ba da kusan miligiram 300, kuma ƙa'idar abinci ta ƙasar ta 2022 ta ce a sha giram 300 zuwa 500 a rana. Sai dai yawancin manyan Sinawa cikinsu ba ya narkar da sugan madara, sai kumburi da gudawa, shi ya sa tsofaffi ke gudunta. Mafita ita ce yogot, ko madarar da aka cire wa wannan suga, ko a sha rabin kofi tare da abinci maimakon kofi cike da sassafe ciki ba komai. Ganyayyaki irin su ƙaramin kabejin Sin da ganyen rapa (shi ma dangin kabeji ne) suna ba da kusan miligiram 100 a giram 100, kuma jiki yana tsotsarsa da kyau. Sifinaci kuwa, ganyen nan mai kama da alayyahu, yana da sinadarin okzalet da ke ƙulle kalsiyam, sai an ɗan tafasa an zubar da ruwan. Niƙaƙƙen riɗi da busassun ƙananan jatan lande suna da kalsiyam mai yawa a takarda, wajen miligiram 1,000 a giram 100, amma wa zai ci giram ɗari na jatan lande? Cokali ɗaya ake barbaɗawa, ga shi kuma cike da gishiri. Gishirin shi kansa ɓarawo ne: duk abin da ƙoda ta fitar na gishiri tana jan kalsiyam tare da shi, kuma Sinawa suna cin kusan ninki biyu na giram 5 da aka iyakance. Shi ya sa shirin gwamnati na "ragi uku da lafiya uku" ya haɗa rage gishiri, mai da suga da lafiyar baki, nauyi da ƙashi.

Kofin madara ɗaya, giram 100 na awarar jibsin da giram 200 na ganye a kan abincin da aka saba sun kusa kai mutum 1,000. Wanda ba zai iya ba, ya ƙara ƙwaya mai miligiram 500 zuwa 600. A duba kwalin da kyau: kalsiyam kabonet kashi 40 ne kawai nasa kalsiyam, yana buƙatar a sha shi da abinci, kuma yana sa taurin bayan gida. Kalsiyam sitiret kashi 21 ne, amma ya fi dacewa da mai shan maganin rage tsamin ciki ko mai tarihin tsakuwar ƙoda. Kada a wuce 600 a shan guda, kada jimillar rana ta wuce 2,000.

Furotin ana mantawa da shi. Karin kumallon tsoho a Sin sau da yawa kunun shinkafa ne da ganye mai tsami da gishiri, abinci mai sauƙin haɗiya ga marar haƙora amma fanko. Ana son giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kowane kilo na nauyin jiki, wato mai kilo 50 ya samu giram 50 zuwa 60, a raba shi sau uku: ƙwai, kifi, awara, nama. Akwai karin maganar Sinawa da ke cewa ko zinariya dubu ba ta sayen rama a tsufa. Ta fuskar ƙashi maganar ta kauce, domin ramammen tsoho ba shi da tsokar da za ta riƙe shi, ba shi da naman da zai tare ƙugunsa idan ya faɗi. Ƙa'idar abincin tsofaffi ta ƙasar ma ta ɗaga ma'aunin nauyi da tsayi da ya dace da su zuwa tsakanin 20 da 26.9.

Bitamin D kuwa shi ke buɗe wa kalsiyam ƙofar hanji. Beijing tana wajen digiri 40 arewa da tsakiyar duniya, Harbin ta wuce 45, a hunturu ranar can ba ta da ƙarfin sa fata ta samar da shi. Ga al'adar gudun rana da laima da hular fuska, ga tsofaffin da ba sa sauka daga bene. Rana ta bayan gilashin taga ba ta ƙirguwa. Ana ba da shawarar minti 15 zuwa 30 hannu da ƙafa a buɗe, sau biyu a mako aƙalla, da ƙwaya mai awo 600 a rana (awon da ake rubuta IU a kwali) ga 'yan 65 zuwa sama, ko 800 zuwa 1,200 ga mai cutar. Dunƙule na shekara guda a sha lokaci ɗaya kuskure ne: gwajin da aka yi a Ostareliya a 2010 da awo 500,000 sau ɗaya a shekara ya ƙara faɗuwa da karaya.

Amma kalsiyam da bitamin D aikinsu yana da iyaka. A 2017 likitocin Asibitin Tianjin sun haɗa gwaje-gwaje 33 da suka ƙunshi mutum fiye da 51,000, suka ga cewa a tsofaffin da ke zaune a gidajensu, ƙwayar kalsiyam ko bitamin D ita kaɗai ba ta rage karaya ba. An yi ta muhawara kan binciken, amma darasinsa a fili yake: bulo da siminti ne, ba magini ba. Mai cutar da aka tabbatar yana buƙatar magani na gaske.

Magunguna, da inda ake ɓata su

Wanda aka fi farawa da shi alendronet ne, miligiram 70 sau ɗaya a mako, yana rage wa marusa ƙarfi. Jiki ba ya tsotsar ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayar, shi ya sa sharuɗɗan shansa suke da tsauri. Da sassafe, ciki ba komai, da ruwa zalla cikakken kofi, mililita 200 zuwa 300. Ba da shayi ba, abin da ke da wuya a ƙasar da tsoho ke buɗe ido da tulun shayinsa. Ba da madara ba, ba tare da ƙwayar kalsiyam ba, duk suna kashe shi. Bayan an haɗiye a zauna a miƙe ko a tsaya minti 30, kada a kwanta, kada a ci komai, domin idan ƙwayar ta maƙale a hanyar abinci tana ƙona ta. Wanda ba ya iya zama a miƙe ko mai matsalar haɗiya, ba nasa ba ne.

Zoledronet ɗan gidansu ne amma ta jijiya ake ba shi, miligiram 5 sau ɗaya a shekara, a hankali, ba ƙasa da minti 15 ba. Ya fi dacewa da tsohon ƙauye da asibiti ke masa nisa ko mai mantuwa. Kafin a sa, a auna ƙoda (idan tacewarta ta gaza mililita 35 a minti ba a bayarwa), a tabbatar kalsiyam da bitamin D na jini ba su yi ƙasa ba, a sha ruwa sosai. Karon farko yakan kawo zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya zuwa uku. Idan ba a gaya wa iyali tun farko ba, sai su ce allurar ba ta karɓe shi ba, ba za a ƙara ganinsu ba.

Denosumab, wanda Sin ta amince da shi don wannan cuta a 2020, allura ce ta ƙarƙashin fata, miligiram 60 duk wata shida, kuma mai raunin ƙoda yana iya amfani da shi idan ana lura da kalsiyam ɗin jininsa. Tarkonsa shi ne dainawa. Idan aka tsallake allura da 'yan watanni, marusan da aka danne sukan taso gaba ɗaya, ƙarfin da aka tara ya zube, wasu su samu lotsawar gaɓoɓin baya da yawa a lokaci guda. Ba a barinsa sai an miƙa mutum ga alendronet ko zoledronet. Ga wanda cutarsa ta yi tsanani, mai karaya da yawa, akwai teriparatayid mai ƙara wa magina ƙarfi, allurar kullum ta maikirogiram 20 har iyakar wata 24, shi ma dole a bi bayansa da mai riƙe abin da aka gina.

Tsoro biyu ne ke kora mutane daga waɗannan magunguna: ruɓewar ƙashin muƙamuƙi, da wata baƙuwar karaya a tsakiyar ƙashin cinya. Duka biyun na gaske ne, duka biyun ba su da yawa, kuma karayar da maganin ke hanawa ta ninka su nesa ba kusa ba. Sai dai bincike ya nuna ta cinyar ta fi samun matan Asiya, don haka likitocin Sin suna da dalilin kiyaye lokaci: a sake duba lamarin bayan shekara 5 na ƙwaya ko 3 na jijiya, a ba mai ƙaramin haɗari hutu. A gyara haƙora kafin a fara. Duk mai shan maganin da ya fara jin ciwo a cinya ko matsematsi ba dalili, a ɗauki hoton cinyoyin biyu.

Magungunan gargajiya na Sin suna cikin ƙa'idar ƙasar, amma ganye ba ya nufin babu illa. A ƙarshen 2016 hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi kan lahanin hanta daga Xianling Gubao, ɗaya daga cikin sanannun magungunan ƙashi na gargajiya. Wani abin lura kuma shi ne magungunan da ke cin ƙashi da kansu, a gabansu dangin sitiroyid: miligiram 5 na firedinison kullum har wata uku ya isa a auna mutum. Dekzametason, da wasu ke sha a wajenmu don neman ƙiba, daga wannan gida yake.

Faɗuwa

Kusan duk karayar ƙugu daga faɗuwa take, kuma a Sin faɗuwa ce kan gaba wajen kashe 'yan 65 zuwa sama cikin duk nau'o'in rauni. A nan ƙasar tana da abin da wasu ke zuwa aro. Taici, motsa jikin nan mai tafiyar hawainiya da ake yi a lambuna da asuba, horo ne na mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Gwajin da aka yi a jihar Oregon ta Amurka, aka buga a 2018, da tsofaffi 670 'yan 70 zuwa sama, ya nuna sa'a ɗaya sau biyu a mako har wata shida ta rage faɗuwa da kashi 58 idan aka kwatanta da miƙe jiki kawai. Rawar dandali da mata ke yi da yamma ita ma tana ɗora wa ƙashi nauyi. Tafiya kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da ƙarfafa cinya sau biyu ko uku a mako: tashi daga kujera ba dafawa, ɗaga dunduniya, tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin riƙewa. Wanda tashi da zama sau biyar ya ɗauke shi daƙiƙa 12 ko fiye, tsokarsa ta fara tafiya. Mai lotsattsen ƙashin baya kuwa ya guji sunkuyo da kaya, murɗa jiki da ƙarfi, da tausa mai dannawa.

Gida shi ne sauran rabin. Miliyoyin tsofaffin birane suna zaune a tsofaffin benaye masu hawa biyar ko shida marasa lif, abin da ya sa gwamnati ke tallafa wa unguwanni su liƙa lif daga waje. Cikin ɗaki kuwa gyaran ba shi da tsada: ƙarfen riƙewa a gefen masai da wurin wanka, kujerar zama a kan masan tsuguno, tabarmar roba a kan tayil, ƙaramar fitila daga gado zuwa banɗaki domin fitsarin dare, takalmi mai dunduniya a rufe maimakon silifas, a kwashe wayoyi da ƙananan darduma daga hanya. A duba ido, a cire yanar ido idan ta nuna. A tattara duk magungunan tsoho a leda ɗaya a kai wa likita, domin na barci da wasu na hawan jini da na suga suna sa jiri. Ma'aikatan lafiya na can suna koyar da wata dabara ta rabin minti sau uku: in an farka a kwanta rabin minti, a zauna rabin minti, a sauke ƙafafu a bakin gado rabin minti, sannan a miƙe. Mafi wuyar sha'ani su ne tsofaffin ƙauye da 'ya'yansu suka tafi ci-rani birane. Wanda ya faɗi shi kaɗai yana iya kwana a ƙasa.

Idan an riga an karye

Wata maganar Sinawa ta ce raunin jijiya da ƙashi kwana ɗari ne, kuma iyalai da yawa suna fahimtarta da cewa a kwantar da tsoho wata uku, musamman in suna tsoron ba zai jure tiyata ba. A karayar ƙugu kwanciyar ce ke kisa: ciwon huhu, gudan jini a ƙafa da ke tafiya huhu, gyambon kwanciya, ciwon mafitsara, tsoka tana narkewa kullum. Ɗori ba ya riƙe wuyan ƙashin cinya. Abin da ake so shi ne tiyata cikin sa'a 48, a sa ƙusa ko a canza kan ƙashin, washegari a zaunar da mutum a fara tsayar da shi. Asibitin Jishuitan na Beijing ya ɗauki tsarin da likitan ƙashi da likitan tsofaffi ke kula da majinyaci tare tun daga ƙofar gaggawa, abin da ya rage jiran tiyata sosai.

Bayan sallama ne ake sakin layi. Shekara biyu na farko bayan karaya su ne mafi haɗarin ta biyu, amma likitan tiyata yana ganin ya gama nasa, likitan unguwa bai san an yi ba, yawancin majinyata su koma gida babu maganin cutar da ta karya su. Tsarin da aka fara a Glasgow a ƙarshen shekarun 1990, wanda manyan asibitocin Sin ke ɗauka yanzu, ya ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya, galibi nas: duk ɗan 50 zuwa sama da ya shigo da karayar rauni, ko ta wuyan hannu ce, ta rubuta sunansa, ta tura shi awon DXA da na jini, ta tabbatar an fara masa magani kafin ya bar hannunsu, ta duba dalilin faɗuwarsa, sannan ta kira shi a waya bayan wata huɗu da bayan shekara ta ji ko yana sha.